Daga Jakar Wasiƙunku: In Makullin Lexus Ko Marsandi Ya Ɓace

A wannan mako mun ware wasiƙu uku daga cikin jakarmu, saboda dukkansu a kan abu guda suke kuka, watau makullin mota.

Ta farko daga hannun wani Alhaji ta fito, ɗan kasuwar hatsi mai saye a ƙauyuka yana kaiwa Dawanau. Ya ce da ya sayar da riɗinsa ya sayi Lexus ES 350 ta hannu, dillali ya miƙa masa makulli ɗaya tak. To, makullin ya faɗi ranar kasuwa, an yi cigiya har a masallacin Juma'a ba a dace ba, yau kwana goma sha ɗaya ke nan motar na tsaye a ƙofar gida, awaki na shan inuwa a gindinta. Ta biyu kuma wani manomin rani ne daga wajen Kadawa. Shi nasa bai ɓace ba, ya dai kai shi kasuwa an yanka masa na biyu don motarsa ES 330. Sabon yana buɗe ƙofa, yana juyawa a suwic, amma inji ya ƙi kamawa, shi ne yake tambaya ko mai yankan ne ya cuce shi. Sai ta uku, daga wani falken shanu mai cin kasuwar Maigatari, wanda ke da Mercedes-Benz, watau Marsandi. Ya nemi makullin ajiya, aka ce ya kawo takardun mota da katin shaidarsa, sa'an nan ya jira a yo odarsa daga waje. Shi a ganinsa wannan dabarar tatsar kuɗi ce kurum.

To, madalla da waɗannan tambayoyi. Bari mu fara da Malam na Kadawa, don amsarsa ita za ta share mana hanyar sauran.

Malam, mai yankan nan bai cuce ka a wajen yanka ba, tun da ga shi ƙofa ta buɗe. Inda ya gaza shi ne da bai gaya maka rabin aikin ya yi ba. Duk wanda ya tuƙa Peugeot 504 haɗin Kaduna, ko tsohuwar Marsandi 200, ya san makullinsu ƙarfe ne zalla, in haƙoransa suka dace da kwaɗon shi ke nan, mota ta tashi. Naka ba haka yake ba. A cikin baƙar robar nan da kake riƙewa akwai wata 'yar ƙwaya ta lantarki, ba ta fi ƙwayar wake ba, masu sana'ar suna ce mata cip. Ita wannan ƙwaya ba ta dogara da batir ba. A bakin ramin da kake zura makulli kuma akwai wani zobe na siririyar waya da aka nannaɗe. Da ka zura makulli, zoben sai ya aika wa ƙwayar ɗan ƙarfin lantarki ta iska, ta farka, ta faɗi lambarta ta sirri. Na'urar da ke tsaron motar ta duba ko lambar na cikin waɗanda aka rubuta mata. In tana ciki, sai ta ba ƙwaƙwalwar inji izini, watau abin nan da makanikai ke kira biren-bos, ita kuma ta saki mai da wuta. In ba ta ciki kuwa, ko sitata za ta yi ta juyawa har batir ya mutu, inji ba zai kama ba. Wannan tambaya da amsa duka ba sa cin daƙiƙa guda. Kamar dai maigadin sito ne da dare: ko kana riƙe da makulli a hannu, sai ya ji muryar da ya sani kafin ya matsa maka.

Wani zai ce, to me ya sa aka ɗora wa mutane wannan wahala? Ɓarayi ne suka jawo. Bayan haɗewar Jamus a 1990 da buɗe iyakokin gabashin Turai, satar mota ta yi tashin gwauron zabi, har a 1993 aka sace motoci fiye da 100,000 a Jamus kaɗai. Kamfanonin inshora, da yake su ke biyan asarar, suka matsa wa masu ƙera motoci lamba. Daga 1998 doka ta wajabta sa wannan na'ura a sababbin motoci a ƙasashen Tarayyar Turai, Ostareliya ta bi sahu a 2001, Kanada a 2007. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu suka wallafa a 2016 ya nuna cewa ta rage satar mota da kimanin kashi 40 daga cikin 100. Amurka ita ba ta wajabta ba, ta kuwa ga sakamakon haka: kamfanonin Kia da Hyundai sun sayar da motoci masu yawa a can tsakanin 2011 da 2021 ba tare da na'urar ba, daga 2021 samari suka yi ta koya wa juna satarsu ta intanet. Saboda haka abin da ya hana motarka tashi, Malam, shi ne dai ya sa kake barci tana waje.

Abin yi a nan mai sauƙi ne, muddin tsohon makullinka na hannu. Ka sayi makulli mai ƙwaya irin wadda motarka ke ji, don ƙwayoyin kala-kala ne, a yanka shi, sa'an nan ka kai motar da kanta wurin mai na'urar saita makulli. Akwai su a Kano, da Kaduna, da Abuja, in ka tambaya a wuraren kayan mota irin su Ƙofar Ruwa, ko Panteka, ko Apo, za a nuna maka. A ƙarƙashin dashbod, daidai gwiwar direba, akwai wani soket mai ramuka 16, nan zai jona kwamfutarsa ya gabatar da sabon makullin ga motar. Ba aikin yini ba ne. Amma ka lura da abu guda. Tsofaffin Lexus da Toyota suna zuwa da makulli iri biyu: akwai babba, galibi baƙi, akwai kuma ƙarami, galibi ruwan toka, wanda aka yi don ba yaron wanki ko mai ajiye mota, yana tada inji amma ba ya buɗe akwatin dashbod. Babban shi ne ke da ikon shigar da wani sabo. In kana so ka gane wanda ke hannunka, dubi 'yar jar fitilar nan ta tsaro mai ƙiftawa a dashbod. In ka zura babba takan mutu nan take, in ƙarami ne sai ta ɗan tsaya a kunne kamar daƙiƙa biyu kafin ta mutu. Mutane da yawa ƙaramin dillali ya ba su ba su sani ba, sai ranar da suka je yin na ajiya kuɗin aiki ya hau.

Akwai wata gurguwar dabara da wasu masu gyaran wayar mota ke yi, kuma ba mamaki a kawo maka ita da sunan sauƙi. Sai su fasa makullinka mai kyau, su ciro ƙwayar, su manne ta a jikin zoben nan na suwic, daga nan kowane yankakken ƙarfe ya tada mota. Wasu ma sukan kashe na'urar tsaron ɗungurungum a cikin ƙwaƙwalwar. Motar za ta tashi, babu musu, amma ka mayar da motar miliyoyi tamkar 504 ke nan a wajen ɓarawo. Mu dai ba mu ba ka shawarar haka ba.

To, Alhaji na Dawanau, mun zo kanka, kuma gaskiya taka ta fi nauyi. ES 350 tun daga ƙirar 2007 ba a zura mata makulli, rimot ne kake sawa a aljihu, ka taka birki, ka danna maɓalli. Motar tana da 'yan eriyoyi a hannun ƙofa da cikin ɗaki da but, su ke kiran rimot ɗin, shi kuma ya amsa. Ma'anar wannan, duk wanda ya tsinci rimot ɗinka, in ya iso jikin motar, a wurinta shi ne kai. Kai kuwa sananne ne a kasuwar nan, an san motarka, an san gidanka, cigiyar da aka yi ma ta ƙara sanar da jama'a. Don haka kafin a yi maganar sabon makulli, a daren yau a tare motar gaba da baya da wata mota, ko tarakta, ko a sa mai kwana kusa da ita. Gobe ka je ofishin 'yan sanda ka ba da rahoton ɓatan, ka karɓi takarda. Za ta yi maka amfani a wurin mai gyara, haka kuma in kana da inshorar da ta haɗa da sata.

Kada a fasa gilashi, kada kuma a bar yaro ya ɓalle ƙofa da sukundireba. Ƙwararren mai makulli yana da kayan da zai buɗe ƙofar ba tare da ya ɓata fenti ba, ya karanta kwaɗon, ya yanka maka ɗan siririn ƙarfen da ke ɓoye cikin rimot. Shi wannan ƙarfe ba haƙora ake yi masa a gefe ba, kwari ake sassaƙa masa a tsakiya kamar hanyar ruwa, saboda haka injin yankan makullin kwaɗo na kasuwa ba ya yin sa. Ka kuma duba cikin takardun da aka ba ka ko akwai wani ɗan ƙarfe mai lamba, don sabuwar Lexus da shi take zuwa, kuma da lambar kaɗai ana iya yanka ƙarfen. A motar hannu ba kasafai yake isowa ba, amma dubawa ba ta cin kuɗi.

Babban aikin yana wajen ƙwaƙwalwa. Da akwai rimot ɗaya mai aiki, shi zai tsaya wa sabon shaida, cikin 'yan mintoci a gama. Da yake babu, dole a goge duk abin da na'urar tsaron ta sani game da makullai, a fara daga farko. Wannan yana bukatar lambar izini ta musamman, kuma an ƙera motar yadda sai an jira kimanin minti 16 tana aikin gogewar, ƙofar direba a buɗe, don kada ɓarawo ya yi shi a tsaitsaye. In aka katse, ko batirin mota ya yi sanyi a tsakiya, sai an sake daga farko, to motar da ta kwana goma sha ɗaya a tsaye kuwa a fara duba batirinta. A tsofaffi irin ES 300 na farkon zuwan wannan na'ura, sai an kwance ƙwaƙwalwar an kai ta kan tebur an sake rubuta ta. A sababbi kuma na 'yan shekarun nan, lambar izinin daga kamfanin take fitowa ta intanet, ba kowane mai shago ke da hanyar samunta ba. Ga kuɗin wannan, ga na rimot, ga na janwe zuwa birni, ko kuma kuɗin motar mai gyara da yininsa in shi zai zo ƙauye. In ka haɗa lissafi za ka ga ya ninka kuɗin yin na ajiya, ba ma a maganar kasuwannin da suka wuce ka. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da dai an riga an shiga, Alhaji, kada ka bar mutumin nan ya tafi sai ya yi maka biyu.

Wajen sayen rimot ɗin ma akwai rami. Ku masu sauraren rediyo kun san kowace tasha da zangonta, in ba ka murɗa daidai ba sai shuuu kake ji. To haka rimot yake. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka galibi a kan megahaz 315 suke magana, na Turai kuma a kan 433. Motocin hannu da ke shigo mana kuwa daga ko'ina suke, wata daga Amurka, wata daga Kanada, wata daga Beljiyam ko Dubai. Sai ka ga rimot biyu kamarsu ɗaya sak, maɓallansu ɗaya, tambarinsu ɗaya, amma ɗaya ba zai taɓa yi wa motarka magana ba. Na Lexus da Toyota 'yan Amurka akwai lamba a bayansu, da yawa tana farawa da HYQ, kai har fefen lantarkin da ke ciki yana da tasa lambar, dole su dace. Da yake naka ya ɓace, sai a bi ta lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Sa'an nan ka yi hattara da rimot na hannu. Irin wannan rimot in aka haɗa shi da mota ɗaya ya kulle kansa da ita, ba zai karɓi wata ba sai an wanke shi da na'ura, ba kuma kowanne ke wankuwa ba. Hanya mafi aminci ita ce ka bar mai aikin ya kawo rimot da kansa, ku yi ciniki a kan cewa sai mota ta tashi, ƙofofi sun kulle sun buɗe, but ya buɗe, kana ya karɓi cikon kuɗinsa. In kai ka sayo ya ƙi aiki, shi zai ce laifin kayanka ne, mai kaya ya ce laifin mai aiki ne, kai kana tsakiya.

Wannan gogewa da muka ambata tana da wani amfani babba: rimot ɗin da ya faɗi a kasuwa ya mutu ke nan, ba zai ƙara tada motar ba. Wanda kuma yake da biyu ya yar da ɗaya, kada ya ce ai ina da wani ya share. Ya kai motar a cire ɓataccen daga rajista, ya kuma tafi da duk makullan da ke gida, har wanda ke hannun uwargida, don galibi ana goge kowa ne a sake shigar da waɗanda ke gaban mai aiki, wanda aka bari a gida sai ya daina tada mota. Abin da gogewa ba ta hanawa shi ne ɗan ƙarfen nan, zai ci gaba da buɗe ƙofar direba. In kana ajiye kuɗin ciniki a mota, ko dai ka canza kwaɗon ƙofar, ko ka daina, na biyun ya fi araha.

Ku tsaya a wurin lokacin da ake aikin. Na'urar tana nuna adadin makullan da motar ta sani, ka ce a nuna maka da idonka. In biyu ka biya ka ga uku, to akwai ɗaya a aljihun wani. Mafi yawan masu wannan sana'a mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma ba a barin mota ta kwana a shagon da ba a sani ba.

Sai mai Marsandi. Alhaji, wannan karon ba tatsa ba ce. Tun daga 1997 Marsandi ta fara barin makullin ƙarfe, ta koma wannan na roba mai 'yar taga a baki, wanda ke magana da suwic ta wani haske da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, kuma lambar da yake bayarwa tana canzawa duk lokacin da aka tada mota. Suwic ɗin kansa na'ura ce mai ƙwaƙwalwa, tana da gurbin makulli takwas da aka tsara tun daga masana'anta. In ka je wurin wakilin kamfanin, lambar shasinka zai aika, a rubuta makullin a can, ya iso a shirye, kana zura shi motar ta karɓe shi. Haka kuma wakilin na iya toshe gurbin wanda ya ɓace. Ka ga ke nan duk wanda ya iya yin odar makulli da lambar shasi ya mallaki motar, lambar shasi kuwa ko mai wucewa zai iya karanta ta ta gilashi. Shi ya sa suke neman takardar mallaka da katin shaidarka, kuma sunan da ke jikinsu ya zama ɗaya. In har yanzu takardun da sunan wanda ka saya a wurinsa suke, fara gyara wannan tukuna.

Ba ka gaya mana shekarar motarka ba, ita kuwa ke raba gardama. Waɗanda aka ƙera kafin wajen 2014, ƙwararrun masu makulli na gari suna iya yi musu, ta karanta bayanan suwic ɗin su rubuta a sabon makulli, wani lokaci sai sun kwance suwic ɗin. Daga wajen 2014 zuwa 2015 kamfanin ya koma sabon tsari mai tsauri, wanda galibi sai ta hannun wakilinsa. In motarka ta wannan zubi ce wani ya ce zai yi maka a gindin bishiya da rabin kuɗi, kada ka ba da kafin alƙalami. Akwai kuma wani abu da ke faruwa da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci su a waje aka gyara: wani lokaci an ɗauko suwic da ƙwaƙwalwa da makulli na wata motar an dasa mata. Irin wannan in ka yi oda da lambar shasin da ke jikin gilashi, makullin zai zo ya ƙi aiki, kuɗinka kuma ya tafi. A sa kwamfuta ta karanta lambar da ke cikin suwic ɗin a gwada da ta jikin mota kafin a biya.

Masu Marsandi C-Class ƙirar 2007 zuwa 2014, ga taku a gurguje. In kun zura makulli ba ku ji 'yar ƙarar nan ta kwancewar sitiyari ba, mota kuma ta ƙi tashi, sau da yawa na'urar kulle sitiyari ce ta lalace, ciwo ne da aka san su da shi. A duba ta, a duba batirin mota, kafin a ɗora wa makulli laifi.

Maganar takardu ta kawo mu ga masu shirin sayen mota bayan kaka. A watan Maris na 2025 hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, ta jagoranci wani samame a ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Gana, inda aka gano motocin sata kimanin 150, mafi yawansu daga Kanada, wasu daga Faransa da Jamus da Holan. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ɓarayin can ke bi ita ce su shiga mota su jona na'ura a soket ɗin nan da muka faɗa, su rubuta wa kansu sabon rimot. Ba muna cewa duk motar da ta zo da makulli ɗaya ta sata ba ce, a'a, da yawa daga wurin gwanjo suke, na biyun ya salwanta a hanya ko a tashar jirgin ruwa. Amma babbar mota sabuwa-sabuwa, mai rimot ɗaya maras tambarin kamfani, farashinta kuma ya faɗi ƙasa da na kasuwa, wannan a tsaya a duba takardar kwastan da lambar shasi da kyau. In an kama ta a hannunka, motar ta tafi, kuɗin riɗin ya tafi, ga zaryar ofishin 'yan sanda. Mai makullin da ya ce sai ya ga takardunka kada ka ji haushinsa, wanda bai tambaye ka ba, gobe ma ba zai tambayi wanda ya zo da motarka ba. In kuma komai ya yi daidai sai dai makulli ɗaya ne, to a sa kuɗin na biyu cikin ciniki, a rage shi daga farashi, a yi shi a makon da aka sayi motar.

Kafin lokaci ya ƙure mana, ga wasu 'yan abubuwa da ke sa mutane kashe kuɗi a banza. Rimot da ya daina aiki, mafi yawan lokuta batirinsa ne ya ƙare, ɗan faifan nan mai kama da kwabo, wanda kan yi shekara ɗaya zuwa biyu. Lambarsa na rubuce a jikinsa, CR1632, ko CR2025, ko CR2032, a sayi irinsa daidai. Canza shi ba ya goge komai. In ya mutu maka a daji, zare ɗan ƙarfen ka buɗe ƙofa, ka taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin tada mota ta wajen tambarin, sa'an nan ka danna, Lexus za ta tashi. Marsandi mai zura makulli ita ko a jikinta, suwic ɗin ne ke ba makullin wuta. A yawancin masu maɓalli na da kuma, maɓallin cirewa yake, ramin makulli na bayansa. Kada a kwana da rimot a kan talabijin ko kusa da cajar waya, yana shanye batir. Tsohon batirin kuma a jefa shi inda yara ba za su kai ba, don in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙone masa maƙogwaro cikin awa biyu, sai a garzaya asibiti ba jira.

In rimot ya faɗa ruwa a fadama, ko an wanke shi cikin aljihun riga, kada a yi ta danna shi ana gwadawa. A buɗe, a cire batir, a goge, a bar shi ya sha iska a inuwa kwana ɗaya ko biyu, ba a bakin murhu ba. Wanda kuma robar makullinsa ta fashe ya sayi sabon kwanso, ya tabbata an mayar da komai na ciki, don a wasu makullan ƙwayar a ware take, ta sha faɗuwa a ƙasan shago a share ta da shara.

Motar maɓalli in ta riga ta tashi ba ta mutuwa don rimot ya fita, ƙara kawai za ta yi ta nuna rubutu a dashbod. Sai direba ya sauke maigida a kasuwa rimot na aljihun maigida, ya wuce ƙauye mai nisan kilomita 80, ya kashe mota, shi ke nan ta zauna. A riƙa tambaya kafin a rabu. A birane kuma akwai ɓarayin da ke da na'urar da ke janyo muryar rimot daga cikin gida zuwa jikin mota, motar ta ɗauka mai ita ne ya zo. Maganin wannan ba tsada: da dare a sa rimot cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, nesa da ƙofar gida. A gwada tukuna, a je jikin motar da gwangwanin a rufe a ja hannun ƙofa, in ta buɗe a nemi wani gwangwanin. Na ajiyar ma haka za a adana shi, a cikin gida wurin wanda aka amince da shi, ba a akwatin dashbod ba, a kuma riƙa tada mota da shi duk bayan 'yan watanni don a san yana raye.

Masu aiko da tambaya a kan mota, don Allah a riƙa rubuta sunanta, da shekarar ƙirarta, da ƙasar da ta fito, amma kada a rubuto mana lambar shasi ko lambar makulli a wasiƙa.